Minti Uku

A bakin ƙofa suka karɓe mata sanda,
sandan da take caka wa ƙanƙara kafin ta taka.
Wai akwai ƙarfe a bakinsa, ba ya shiga zaure.
Suka rataya mata kati a wuya
da sunanta, Tukummeq, harafi ɗaya ya salwanta.

Ni ina can sama cikin ɗakin gilashi,
na'ura a kunne, rabin kofin ruwa a gabana.
Tafinta ne ni, bakina na haya ne,
yau ya faɗo a kan 'yar garinmu, Qaanaaq.

Daga nan zauren duka a tafin hannuna yake.
Ƙasa takwas, tuta takwas.
Mutanenmu ma an ba su kujera a teburin
don a ji ta bakinsu,
amma in an zo yanke magana
gyaɗa kan masu tuta kaɗai ake jira.
Jikin bango kuwa 'yan kallo ne reras:
jakadun ƙasashen da ƙanƙararsu a firji take kwana,
masu jiragen dako da suka ji ƙishin-ƙishin
hanya na buɗewa ta saman duniya,
masana, da 'yan ƙungiyoyi rungume da takardu.
Kunne aka ba su. Baki sai da izini.

Aka ce tana da minti uku.

Ba ta gai da kowa ba.
Ta ce, ƙanena Masautsiaq ya fita da karnuka sha ɗaya
a watan da kakanmu kan kwana bisa teku ba fargaba.
Bakwai suka dawo
suna jan tsinkakkiyar igiya.

Sai ta kira wata kalma ta harshenmu,
sunan ƙanƙarar da fuskarta ke lafiya lau
alhali ruwan ɗumi na cin ta ta ƙasa
kamar haƙorin da ya ruɓe daga ciki.
Na laluba bakin Turawa kaf, ban samo mata 'yar'uwa ba.
Na ce, ƙanƙara mai rauni.
Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Jar fitila ta kama.
Shugaban zama ya ce an gode, an kuma lura.

Lokacin shan shayi ne wata ta taso daga jikin bango,
Danuta, mai auna zafin teku,
wadda ta kwana biyu a zauren ba ta ce uffan ba.
Ta ture kofuna, ta shimfiɗa taswira.
Tukummeq ta sa farce ta ja layi: nan.
Danuta ta buɗe littafinta, hannu na rawa,
alƙaluman shekara uku da ba wanda ya tambaye ta,
suka faɗa daidai kan zanen farcen.
Ba su bukace ni ba.

Wani mai jiragen dako ya leƙo ta kafaɗarsu,
ya ɗaga waya ya ɗauki hoton taswirar.
Ko don ya kauce wa wurin ne, ko don ya bi ta nan,
ban sani ba.

Ƙarfe ɗayan dare ana ta ja-in-ja kan waƙafi.
A sakin layi na sha huɗu
kalmar tata ta samu shiga, an tsare ta cikin baka biyu.
Wani jakada ya ce sai ya tuntuɓi gida.
Aka ɗage ta zuwa baɗi,
kamar ƙanƙarar ta yi alkawarin jira.

Da asuba ta miƙa katin, aka ba ta sandanta.
Titin Tromsø ya daskare, fitilu na sheƙi a kansa.
Na ga ta tsaya a bakin matakala,
ta caka ƙasa sau biyu,
ta saurara,
sannan ta taka.